Tazarar da Malam Ya Bar wa Darbejiya

Har yanzu ranar nan ba ta bar zuciyata ba, ranar da aka ce za a sare darbejiyar wani ƙaramin asibiti a Argungu. Ni ban yi karatu ba. Ɗiyata Hadiza ce ke rubutawa, domin ku da kuka gaji aikin mijina ku ji.

Shekara goma sha ɗaya ina dafa wa ma'aikatan daɓe abinci. Duk inda aiki ya kai mijina Malam Garba, daga gidanmu na unguwar Badariya, da tukwanena nake binsa. A saman aiki akwai injiniya, sai heluma mai kula da leburori, sai masu jera falalen siminti a ƙasa. Malam shi ne mai yanka. Falalen masu kusurwa huɗu ne, to duk inda aka zo gefen bango ko kwana, sai ya auna, ya ja layi, ya yanke da injin da suke kira giranda. Dole wani ya tsaya yana tsiyaya ruwa a bakin injin, in ba haka ba ƙurar siminti ta shige ƙirji. Malam ya yi shekaru yana yanka a bushe kafin su san haka. Lokacin nan tari ya riga ya kama shi.

Iccen yana tsakiyar farfajiya. A ƙarƙashinsa na kafa murhu, nan kuma matan da suka kawo marasa lafiya suke zama. Ranar Litinin heluma, Oga Sunday, wanda ya fi wasunmu jin Hausa, ya ce babu icce a zanen injiniya, kuma falale ba sa zagaya abu mai da'ira. In injiniya ya zo Alhamis, za a kawo masu sara.

Malam ya dubi matan, ya dube ni. Ya roƙi a ba shi kwana biyu. Oga Sunday ya ce ba shi da leburan da zai ware masa na zuba ruwa, kuma ba zai yarda ya yanka a bushe da wannan tarin ba.

Na ce ni zan zuba.

Malam ya yi dariya har tarin ya tsayar da shi. "'Yar Argungu, wanga ba miyar kifi ba ce."

Na ce masa wadda ta iya tsiyaya ruwa a tuwo bai yi gudaji ba, siminti ba zai gagare ta ba.

Ya ɗaura igiya a gindin iccen, ya ɗauki gawayi daga murhuna, ya zagaya ya zana da'ira a kan falalen. Sai na ga ya bar tazara mai faɗi, wajen kamu guda, tsakanin layin da gindin. Oga Sunday ya ce wannan ramin zai yi muni, a matso da shi.

"Oga, icce bai gama girma ba," in ji Malam. "In ka matse shi, ko ya mutu ko ya fasa maka aiki."

Kwana biyu muka yi. Ya ɗaure hanci da tsohon ɗankwalina, ina durƙushe gefensa da buta. Ƙarar injin ba ta barin magana, sai dai ya ɗaga gira in ƙara ruwa. Tunda aka kai ni gidansa ban taɓa kallon hannunsa yana aiki kusa haka ba. Ashe rawa yake yi, sai ya ɗora injin a kan layi ya nutsu.

Da injiniya ya zo, ya zagaya iccen sau biyu, ya tambayi wanda ya yi yankan, ya ce a bar shi.

Shi ne aikin Malam na ƙarshe. Kafin lokacin yankan shinkafa ya zagayo, ya rasu. Allah Ya jiƙansa. Hadiza, ki rubuta cewa ina kuka, ba na jin kunyarsa.

Ku masu yanka, kada ku yanka a bushe, ko da heluma na gaggawa. Kuma in kun auna, ku tuna da abin da zai girma bayan kun tafi. Watan jiya na kai jikata asibitin nan, na zauna a inuwar. Na sa hannu a tazarar da ya bari. Saura yatsa huɗu ta cika, kuma ko ɗaya cikin falalen bai tsage ba.