Daminar da Muka Ci Tafasa

Jiya na wuce wata mai tallan kwaɗo, ƙamshin tafasa da ƙuli-ƙuli ya bugi hancina, sai ga ni a barikin soja na Shadawanka, ina 'yar firamare.

A daminar nan aka tura babanmu aiki nesa, mamarmu kuma ta haihu. Wankan jego ya ƙare amma ba ta miƙe ba. Tafin hannunta ya yi fari fat, in ta tashi ɗaukar jariri sai jiri ya mayar da ita gado. A asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa, aka ba ta ƙwayoyi, aka ce ta ci abinci mai kyau. Nama kuwa a gidanmu sai ƙarshen wata.

Kakata ta zo daga ƙauyen Tirwun, ta ja fatar idon 'yarta ta duba. Washegari ta miƙo mini ƙwarya.

"Taso, 'yar nan. Allah bai zubo ruwa don masara kaɗai ba."

Muka bi gefen gonaki, raɓa na jiƙa mana zane. Ta nuna mini tafasa, da gasaya mai ɗaci, da rama mai tsami, da yaɗiya da ke hawa shinge. Toho kawai ake tsinka, a bar uwar ta sake fitowa. Maƙwabciyarmu, wata 'yar ƙabilar Sayawa matar kofur, ta gan mu muna tsincewa, ta shigo da ganyen wake da riɗi ta miƙa wa Kaka.

"Mama, haɗa da wannan. Mu da shi muke jego."

Da aka dafa, mamarmu ta ɗanɗana ta yamutsa fuska. Kaka ta ce, "Haɗiye. Ɗacin ba ya wuce maƙogwaro."

Haka aka yi ta yi, ga ƙwayoyin asibiti, ga ganye. Kafin gero ya nuna, na dawo daga makaranta na tarar da mamarmu da goyo tana wanki, tana zazzaga wa yayana faɗa. Ban taɓa jin daɗin faɗa kamar ranar ba.

Yau gonakin nan duk sun zama gidaje. 'Yata da ke karatun abinci a jami'a ta ce ganyayen suna da sinadarin da ke taimakon jini, da wasu masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Ta jera buhuna a bayan gida ta shuka su. Na yi dariya na ce ai tafasa ko'ina take fitowa.

Ta ce, "Mama, ina ko'inan yake yanzu?"

Bana ni na tara mata iri.