Lamba Bakwai a Amfin Baba Iliya

Har yau ban manta da ranar da Baba Iliya ya shigo shagonmu da amfinsa, na'urar ƙara sautin jita, ba, kuma ba na jin zan manta. Kwana biyun nan ina ganin sababbin shiga a guruf ɗinmu na masu gyara, kowa tambayarsa yaya ake risetin kaza a mayar da shi kamar sabo, yaya ake filashin kaza a sake masa manhaja. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto muku wannan.

Ga waɗanda ba su san mu ba, shagonmu na Ƙofar Dumi ne, gyaran kayan sauti muke yi. Lasifikar masallaci, miksa ta coci, amfilifayar masu kiɗan biki, duk suna zuwa. Oga Sabo ne babba, tun zamanin rediyo mai kwalba yake sana'ar. Ni nake bi masa. Amma ni daga gyaran waya na dawo nan, kuma kun san halinmu a can. Waya ta yi gardama, ba a ma buɗe ta, filashin ne farko. Hannuna ya riga ya saba da haka.

Tsarin shagon ba wuya. Kaya in ya zo, a buɗe masa kati, a rubuta sunan mai shi, da abin da ya ce yana damunsa, da duk wayar jonawa da ya zo da ita. Abin da ba mu taɓa gani ba kuwa, a ajiye sai Oga ya duba. Wannan ta ƙarshen ce na taka.

Laraba ce, da damina, ruwa ya ɗauke ke nan da safe. Oga ya tafi Miri gyaran lasifikar wani masallaci. Sai ga wani dattijo ya shigo yana haki, rungume da kaya a cikin zani da leda. Keke ba ta shiga lungunmu, tun daga bakin titi ya ɗauko shi. Shi ne Baba Iliya, tsohon ma'aikacin ofis, yana kaɗa jita a cocinsu.

Da ya kwance zanin sai na ga amfin jita irin wanda nake gani a bidiyo kawai. Biyu ne a haɗe. Akwai kwalbar gilashi a ciki irin ta da, wadda in ta yi zafi take ba da sauti mai taushi. Akwai kuma 'yar kwamfuta da ke kwaikwayon sautin amfi iri-iri. Mutum zai murɗa nan ya murɗa can har ya samu abin da kunnensa ke so, ya ajiye shi a lamba, ya sa masa suna.

"Baba, me ke damunsa?"

"In na kunna lafiya lau. Bayan minti goma sai ya fara ƙarƙar, sauti ya faɗi. Lahadi nake buƙatarsa, ɗana. Ka bi shi a hankali, na Bulus ne, yarona."

Ina rubuta kati, rabin hankalina na kan waya. Na ce, "Kar ka damu Baba, ka ce wa Bulus ya kwantar da hankalinsa, gobe ma ya zo ya ɗauka."

Ya dube ni kawai, ya naɗe zaninsa, ya fita. A lokacin ban san Bulus ya rasu ba. Ban san Lahadin nan ce za a yi addu'ar cikarsa shekara ɗaya ba, uban kuma zai kaɗa jita a wurin.

Yana fita na jona shi. Na murɗa lambobin ina karanta sunayen a 'yar sikirin ɗin. Ɗaya LAHADI, biyu BIKI, uku MATASA, haka dai. Bakwai kuma BABA. Har dariya na yi. Minti goma na cika ya fara ƙarƙar kamar yadda aka faɗa. Na ce a raina, ai kwamfutar ce ta rikice, wutar garin nan ba abin da ba ta rikitawa. Na duba a waya yadda ake mayar da shi kamar sabo. Maɓalli biyu za ka danne sannan ka kunna. Ya ma tambaye ni da Turanci ko na tabbata. Na danna e.

Bai kai minti ɗaya ba. Sunayen duk suka tafi, na kamfani suka dawo. Na jira minti goma, ƙarƙar ɗin na nan yadda yake.

Bayan azahar Oga ya dawo. Ya saurara, ya kwance bayan, ya ɗan ƙwanƙwasa kwalbar da gindin biro. Ƙarar ta fito a lasifika kamar an taɓa kofin shayi da cokali.

"Kwalba ce ta gaji," ya ce. Ya kashe, ya jira ta huce, ya ciro wata daga gwangwanin da yake ɓoye tsofaffin kayansa, ya goge ƙafafun, ya sa. Shi ke nan gyaran. Awa guda yana kunne, ko tari bai yi ba.

Sai ya duba katin. "Iliya? Ai amfin Bulus ne wannan. Allah sarki. Yaron nan a nan yake sayen wayoyin jita, kafin hatsarin hanyar Dass." Ya fara murɗa lambobin. Ya murɗa, ya sake murɗawa. "Nura, haka ya zo?"

"Na yi masa riset, Oga."

"Ka kwashe abin da ke ciki tukuna?"

Ban kwashe ba. Ya nuna mini wata 'yar kafa a baya. Da na sa kebul na jona da laftof ɗin shago, minti biyar ya isa in kwashe komai in ajiye. Laftof ɗin na kan tebur, a gefen hannuna.

Oga mutum ne mai faɗa, in ka ƙona fis ma sai lungu ya ji. Ranar bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Gobe in ya zo, kai za ka faɗa masa da bakinka. Ni ba zan tare maka ba."

Alhamis Baba Iliya ya zo da jitarsa a kafaɗa, fuska a sake. Ya gaisa da Oga, ya zauna a benci, ya jona. Ko sikirin bai kalla ba, hannunsa ya san hanya, ya murɗa zuwa bakwai. Ya taɓa tsirkiya. Wani ihu ne ya fito, irin sautin kiɗan Turawa mai tsaga kunne. Ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Ya ciro tabarau ya leƙa.

"Ina sunan?"

Na durƙusa. Na ce, "Baba, laifina ne. Na goge duk abin da ke ciki. Ba wanda ya sa ni, kuma ba shi ne ma matsalar ba."

"Ba za ya dawo ba?"

"Ba zai dawo ba, Baba."

Can sai ya miƙo mini yatsunsa. Gaɓoɓin duk sun kumbura. Ya ce shekarun baya ya ajiye jita don yatsun ba sa danna tsirkiya da ƙarfi, sauti na mutuwa a hanya. Bulus ne ya ƙi yarda. Kullum in ya taso aiki sai ya zaunar da shi, "Baba kaɗa," ya murɗa, "Baba sake," ya murɗa. Kusan wata guda suna yi, har ya samo sautin da ko a hankali uban ya taɓa zai fito cikakke ya daɗe yana tafiya. Ya ajiye a bakwai.

"In na kunna shi," ya ce, "ji nake kamar yana tsaye a bayana."

Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Oga ya tambaya ko akwai wani bidiyo da aka ɗauka yana kaɗawa. Akwai, a wayar 'yarsa Rahila, na wani biki, ga hayaniyar mutane ga kukan janareta. Da shi muka yi aiki. Juma'a bayan masallaci da Asabar gaba ɗaya ban taɓa kayan kowa ba. Baba na kan benci yana kaɗawa, ni ina murɗawa, Oga na kunna bidiyon a waya. In ƙara taushi, in rage kaifi, in ja wutsiyar sautin. Sau nawa na ji kamar na kamo shi, sai Baba ya girgiza kai a hankali. Ni ma "Baba sake" nake ta cewa, sai daga baya na lura, na daina.

Wajen la'asar ɗin Asabar ya kaɗa wata waƙa har ƙarshe. Ya ce, "Ya yi kusa."

Na ji sanyi kaɗan. Na ajiye shi a bakwai, na fara danna haruffa. Na sa B, na sa A. Sai ya riƙe mini hannu.

"A'a, ɗana. Wancan Bulus ne ya rubuta. Wannan bar shi haka."

Na goge. Ya naɗe amfin a zaninsa, na ce in kai masa bakin titi, ya ce zai iya. Ya yi mini godiya, har ya ce Allah ya yi wa sana'ata albarka.

Litinin Rahila ta biyo karɓar wata wayar jita da suka manta. Oga ya tambaye ta yaya addu'a. Ta ce an yi lafiya. Baba ya kai amfin gaba, ya jona, ya kunna, kwalbar ta yi ja. Da lokacinsa ya yi ya ɗora jitar a cinya, ya zauna haka har mawaƙa suka gama waƙar da baki. Bai taɓa tsirkiya ko ɗaya ba.

Tun daga ranar katinmu ya ƙaru da layi ɗaya, ni na rubuta shi da hannuna: me ke ciki, kuma wa ya sa? Kafin a cike layin nan ba na kunna kayan kowa. Mu masu gyara idonmu na kan abin da ya lalace, shi ya sa ba ma ganin abin da ke lafiya a ciki, alhali sau da yawa saboda shi aka ɗauko kayan tun daga bakin titi. Ku tambaya, ku kwashe ku ajiye, sannan ku taɓa. Kwalba in ta mutu akwai wata a gwangwanin Oga. Abin da ke lamba bakwai kuwa, wanda ya sa shi ba ya nan balle ya sake sawa.