Farauta Ba Ganga a Tsibirin Dankali

Muna idar da sallar asuba muka fito daga masaukinmu na Sanyuanli, ni da wani dattijo mutumin Maraɗi da muke ɗaki ɗaya. A nan birnin Guangzhou na ƙasar Sin ba ka jin ladan, wayarka ce ladaninka, kuma ranar tawa ta yi aikinta. A bakin titi muka tarar da laoban yana jiranmu a mota. Laoban dai shi ne maigida a bakin mutanen nan, kuma wannan shi ne mai shagon da muke sarin fitilun sola a wurinsa shekara da shekaru. Shi ya gayyace mu garinsu, wani tsibiri a cikin teku, inda mahaifinsa yake zaune shi kaɗai yana noma.

Asalin gayyatar tabo ne. Wata rana a shago dattijo ya naɗe hannun riga, laoban ya ga wani dogon tabo ya tambaya. Na fassara masa cewa a ƙuruciyarsa dattijo ɗan farauta ne, kafin kasuwa ta raba shi da daji. Laoban ya ce ai a tsibirinsu ma a satin nan ana farauta da izinin hukuma. Dattijo ya miƙe zaune, ya ce kyarkeci ne ko kura? Laoban ya girgiza hannu, "Meyo, meyo," wato babu. Kyarkeci yana can arewa mai nisa, kuma wanda ya taɓa shi sai gidan yari. Nasu aladun daji ne. Wani maƙwabcinmu ɗan zangon Kumasi da ya ji labarin dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce wai Musulmi biyu da furfurarsu za su bar kasuwa su tafi kallon alade. Ni ma na ga abin da walakin, amma dattijo ya riga ya wanke takalminsa.

Hanyar ba ta da abin kushewa, har ta ba ni haushi. Ba rami, ba shinge, ba mai tsayar da kai ya tambayi me ka kawo masa. Mun bi ta gefen tashar jiragen ruwa ta Nansha, inda kwantenoni suke jibge bisa juna iya ganinka. A cikinsu akwai wadda za a loda wa dattijo kayansa a wannan satin, ya ɗaga mata hannu daga nesa kamar ya san wacce ce. Daga nan sai gonakin ayaba da kududdufan kiwon kifi, kowanne da injinsa yana dama ruwa. A wurin hutun matafiya ruwan zafi kyauta ne, muka haɗa shayinmu. Ayaba kuwa arha ce tuɓus, abin da za ka sayi guda uku a unguwarmu a nan nono guda za a miƙo maka.

A hanya laoban ya ba mu ainihin labarin, da irin Turancinsa na kasuwa, ni kuma ina juya wa dattijo da Hausa tunda shi Faransanci ya taɓa. Bara aladu sun cinye wa tsoho, mahaifin nasa, gonarsa kaf. Garin korarsu ya faɗi a kan dutse, ya yi wata guda a kwance ba mai ba shi ruwa sai maƙwabta. Sai laoban ya tara dangi, aka yi magana ɗaya: in amfanin bana ma ya tafi, tsoho zai rufe gida ya koma wurin ɗansa a birni. Tsoho ya yarda a gaban jama'a, don ya tabbata masu farauta za su zo kafin girbi. Sun zo ɗin, sun kashe wasu, amma babbar macen da ke jagorantar garken ta gagare su. Kuma ranar da muka je ita ce ta ƙarshe a izininsu.

Jirgin ruwa ba zan yi dogon bayani a kansa ba. Ni Bakano ne, babban ruwan da na sani shi ne na Tiga, shi ma daga gaɓa. Na riƙe ƙarfen kujera ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Dattijo kuwa yana tsaye a baki, iska na kaɗa masa rawani, ko gezau.

Tsibirin duwatsu ne da kurmi, ƙauyen ya lafe a gindinsu. Yawancin gidajen a kulle suke, ciyawa ta fito a bakin ƙofa. Duk wanda muka gamu da shi ya haura sittin. Mahaifin laoban ɗan ƙaramin tsoho ne, rana ta dafa shi, yana ɗan ɗingishi. Bai iya ko yaren da muke tsinta a kasuwa ba, nasu na tsibiri daban ne. Ya kama hannun dattijo da hannu biyu, suka yi ta gyaɗa wa juna kai. Tun kafin mu zo laoban ya gargaɗe shi a kan abincinmu, sai ya sayi sabuwar tukunya, ya nuna mana takardar da ke manne a gindinta don mu shaida. Ya turara mana kifin da aka kamo da safen, da shinkafa, da dankalin gonarsa. Dankalin nan da muke kira na Hausa ne, ashe har a nan ya yi gida. Na zaro yajina na barbaɗa, tsoho ya ɗanɗana, ya yi tari, ya miƙo kwano a ƙara.

Bayan azahar ya kai mu gonar. Tana kan gangare, an yi mata matakala da duwatsu, aikin da ba na mutum ɗaya ba ne kuma ba na zamani ɗaya ba. Gefe guda an tone shi kamar an shiga da garma, dankali a warwatse, kowanne an gutsira an yar. Saura kamar mako biyu a haƙe. Tsoho yana tafe yana tsintar na ƙasa yana kakkaɓewa.

A nan muka ga mafarautan. Su kaɗan ne, cikin riguna ruwan lemo. Bindiga ɗaya ce tak, a cikin akwati mai kwaɗo, kuma mutum ɗaya ne yake da ikon taɓa ta. Suna da ɗan ƙaramin jirgin nan marar matuƙi da ke leƙa musu kurmi daga sama. Hukuma ce ta yanka musu kwanaki, ta yanka musu iyakar wuri, ta faɗa musu adadin da ba za su wuce ba. Wanda aka kashe sai a ɗauki hotonsa, a auna shi, a binne. Ba a ci, ba a sayarwa. Manomi kuwa, ko da aladen yana cin gonarsa a gaban idonsa, ba shi da damar ɗana tarko ko zuba guba. Da na gama fassarawa dattijo ya dube ni ya ce, "Bon. Ba ganga, ba kare, ba nama. Wanga ba hwarauta ba ce, ƙanena, aikin ohis ne."

Na yi dariya, amma raina bai bi bakina ba. Na tuna dajin da ke bayan garin kakannina, inda aka ce da har barewa ana gani. Ba wanda ya yanka wa kowa adadi, yau ko zomo sai an sha wuya. Sai dai kuma ga tsoho a gabana yana tsintar guntayen guminsa, doka ta ɗaure masa hannu. Ban san gefen da zan tsaya ba, har yanzu kuma ban sani ba.

Da la'asar sakaliya aka ce kowa ya bar gona. Mu aka ba mu izinin hawa rufin gidan tsoho, inda ake hango gangaren gaba ɗaya, da sharaɗin mu yi shiru. Laoban ya ɗora yatsa a leɓe ya maimaita har sau biyu. Mai bindiga ya kwanta a bayan wani dutse. Muka zauna. Sauro ya ci rabonsa, rana ta yi ja, ba abin da ya motsa.

Can sai ciyawar bakin kurmi ta rabu. Ban taɓa zaton alade yana kai wannan girma ba, babbar macen nan ce, baƙa wuluk, ƙanana na biye da ita. Kafin in gama buɗe baki, dattijo ya zabura tsaye, ya ɗaga hannu sama, ya kwarara wani ihu da ban taɓa sanin yana cikin ƙirjinsa ba: "Ga ta nan! Ga ta nan! A tare ta gabas!" Dutse ya amsa. Kafin ƙiftawar ido ba alade ba alamarsa. Mai bindiga ya ɗago kai a hankali ya dubi rufin. Ashe tun tuni jirginsu ya nuna musu ita, jira kawai yake ta fito fili.

Na san daga inda ihun ya fito, don ni ma na taɓa bin farautar gayya ina yaro. A can, wanda ya fara ganin nama dole ya yi kururuwa kowa ya ji. Wanda ya gani ya yi shiru, so yake ya ci shi kaɗai, kuma sunansa ya ɓaci a cikin 'yan farauta har abada. An horar da dattijo a kan haka tun bai san hannun damansa ba. Shekarun da ya yi yana ƙirga katan ba su goge shi ba. Amma wa zan yi wa wannan bayani, kuma da wane yare?

Rana ta faɗi, izini ya ƙare. Shugabansu bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi sauƙi. Ya sa aka cire harsashi, aka mayar da bindiga akwati, aka danna kwaɗo. Laoban ya roƙe shi ko gobe da sassafe. Shugaban ya ce ba a hannunsa yake ba, sai an sake nema, kuma kafin layi ya zo kansu an daɗe da gama girbi. Tsoho ya saurara har ƙarshe, sannan ya shiga gida ya ɗora mana ruwan shayi. Wannan shayin shi ya fi komai yi mini ciwo. Dattijo bai iya sha ba, kunya ta hana shi ɗaga kai.

Jirgin ƙarshe ya riga ya tafi, muka kwana. Da safe ina haɗa jaka, na ga dattijo bai taɓa tasa ba. Ya ce in tambayi laoban, dokar da ta hana tarko da guba, ta hana ihu? Laoban ya tare shugaban mafarautan a bakin jirgi ya tambaya. Mutumin ya yi murmushi karo na farko, ya ce ihu ba ya bukatar takarda.

"To ni ba ni tahiya," in ji dattijo. "A gida haka munka saba tsaron gero, da gwangwani da makogwaro. Tsoho ya kama sahe, ni in kama marece, har a haƙe."

Na ce, "Baba, kwantenarka fa? Jibi ake lodi."

"Kai mi kake yi? Ka tsaya mini wurin lodin." Ya dubi gidajen da ke kulle. "Ni na san yadda mutum ke rufe ƙofar gidansu ya ce shina dawowa. Ba da bakina za a rufe wagga ba."

Laoban ya kai dattijo ofishin 'yan sandan ƙauyen aka rubuta inda zai zauna, don a ƙasar nan baƙo ba ya kwana inda hukuma ba ta sani ba. Na bar masa yajina da sauran garin kwaki. Muka baro shi da tsoho a bakin gona, suna ɗaure tsofaffin gwangwanaye a igiya, kowa na yi wa ɗan'uwansa bayani da yaren da ɗayan ba ya ji.

A jirgi laoban ya ce mini, lokacin da dattijo ya yi ihun nan, shi daɗi ya ji. Ya riga ya gyara wa mahaifinsa ɗaki a benensu, kusa da asibiti. "Yanzu kuma," in ji shi, "tsofaffi biyu gare ni a kan dutse." Ban ga laifinsa ba. Ni ma da mahaifina ne yake ɗingishi a wannan gangaren, da ɗakin zan gyara.

Mun iso Sanyuanli da yamma, gari na nan yadda muka bar shi, 'yan dako na ture mutane da amalanke. Na tsaya wa dattijo a lodinsa, komai ya shiga lafiya. Abin da na ɗauko daga tafiyar nan bai da yawa. Na ga cewa doka tana iya kare daji ta bar manomi da hawaye, kuma rashinta yana iya cinye dajin da manomin gaba ɗaya. Na ga kuma tarbiyyar da ta sa ka zama mutumin kirki a garinku tana iya sa ka yi ɓarna a garin wasu, ba tare da zuciyarka ta canja ba. Ko dankalin zai kai girbi, Allah ne masani. Alade ba wawa ba ne, yana iya sabawa da gwangwani.

Jiya da yamma na je shago, na tarar laoban ya kira mahaifinsa a waya. Ba a jin komai sai ƙarar gwangwani da muryoyi biyu suna kururuwa, ɗaya da Hausar Maraɗi, ɗaya da yaren tsibiri, can kuma sai tsoho ya fashe da dariya har da tari. Laoban ya janye wayar daga kunnensa, ya daɗe yana kallonta. Da ya juyo idonsa ya kawo ruwa. Ya ce tun ranar da aka binne mahaifiyarsa bai sake jin tsohon ya yi dariya ba.