Sai-Gobe Mai Gyaran Fanka

Sai-Gobe ake ce masa, domin tun yana saurayi bai taɓa ce wa mai fanka "wannan ta mutu" ba. Abin da zai ce shi ne a dawo gobe. Sauran masu gyara sukan cire injin da ya ƙone su sa sabo, shi kuwa sai ya warware wayar ciki ya sake naɗa ta da hannu, ko da zai kwana uku a kai. Da haka ya aurar da 'ya'ya, da haka ya yi furfura.

Yanzu ido ya fara ha'intarsa. Fanka biyu aka dawo masa da su suna warin ƙuna, iyali kuma sun taso shi gaba sai ya rufe shago. Shi ko ya kafe.

Ran nan babbar 'yarsa, malamar Turanci, ta biyo ta shagon, ta ce yau da shi ta yi wa ɗalibai misali.

"Misalin me?"

"Wata kalma, *tenacious*. Mutumin da in ya riƙe abu ba ya saki, komai wuya."

"Kamar kaska ke nan?"

Ta yi dariya. "Haba Baba! Yabo ne."

Nan kansa ya ɗaure. Jiya-jiyan nan uwarta ta kira shi mai taurin kai saboda wannan hali, yarinyar kuma tana gefe tana gyaɗa kai. Yau kuma Turawa sun mayar da shi yabo?

"To in yabo ne, don me kuke so in rufe?"

"Ana faɗin ta ga likitan da bai fid da rai da majinyaci ba," in ji ta. "Amma ana faɗin ta ga tarin da ya ƙi jin magani ma."

"Ni wanne ne ciki, likitan ko tarin?"

Shi kansa bai san amsar ba, kuma abin ya ba shi tsoro ƙwarai. Ya jawo fankar da ke gabansa don ya nuna mata har yanzu da sauransa, ya kama wayoyi biyu, ya kai su dab da hancinsa, ya juya su wajen hasken ƙofa. Ya daɗe a haka.

Can ya miƙa mata, murya ƙasa-ƙasa.

"Kada ki gaya wa uwarki. Wace ce jar waya a nan?"