Jirgin Garbai Mai Kujera Biyu

Garbai bai taɓa tuƙa jirgin sama ba, amma duk unguwarmu a Gure Piloti ake ce masa, shi kuma yana amsawa ko kunya babu. Shagon ɗinkina yana jingine da katangar gidansa, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsince shi ba.

Sana'arsa ta gaskiya gyaran injin ban ruwa ce. Rabin rayuwarsa a kwaruruka ya yi ta, can inda masu lambu ke noman rogo da albasa a ƙarƙashin dabino, yana kwance inji yana ɗaurawa. Ciwon jirgi kuwa tun yana saurayi ya kama shi, wata shekara da fara ta yi ɓarna aka kawo ƙaramin jirgin feshi. Shi aka ɗauka aikin mirgina gangunan magani. Ranar da aka gama, matuƙin ya ga yadda yake zagaya jirgin yana shafa shi, ya ce ya hau su zaga gari. Ya ga Gure daga sama, ya ga tuddan yashi da kwaruruka kore shar a tsakaninsu. Bai ƙara hawa ba har yau. Labarin nan na ji shi har na san inda yake tsayawa ya kurɓi shayi.

Da girma ya zo masa, baya ya fara hana shi sunkuyawa a bakin rijiya, sai ɗansa Muktar da ke gyaran ordinater, wato kwamfuta, a Yamai ya kawo masa wata tsohuwa, da wasan koyon tuƙin jirgi a cikinta, da sandar tuƙi. Muktar ya ɗauka abin rage zaman banza ya kawo. Bai san ubansa ba. Garbai ya kwashe buhunan da ke ɗakin zaure, ya jawo kujerun gaba na wata matacciyar mota ya kafa su a kan katako, ya zo ya tsare ni da roƙo har na ba shi fedar tsohon kekena na ɗinki ya mai da ita abin takawa. Ya sayo majigi na hannu a Damagaram ya rataye shi a azara, ya shafe bangon gabas sumul, ya bi shi da farar ƙasa. In ya kunna, bangon nan gaba ɗaya sai ya zama sama.

Kujera biyu ya kafa, kuma kowa ya san ta biyun ta waye. Jibirilla dillalin dabbobi ne, Bafillace, dogo siriri, wanda ya ci kasuwar Gure da ta Kelle har ƙafa ta gaji. Garbai Babarbare ne, ga wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, ga abota tun ta ƙuruciya, sai abin ya haɗu ya yi musu yawa. Ban taɓa jin sun gaisa kamar mutane ba. Jibirilla na shigowa zai ce, "Ina bawan nan nawa?" Garbai ya ce, "Shigo, mai warin nono, kada ka taka mini waya."

Jibirilla bai taɓa kama sandar tuƙi ba, bai ma so. Aikinsa ya harɗe a kujerar dama da kofin shayi yana zagi. "Babarbare, ka ga dutse can, ko sai ka kashe mu?" In jirgi ya faɗi ya yi dariya har da tari, ya ce gara jaki. Mu ma mukan leƙa bayan la'asar mu zauna a tabarma a bayansu, mu ne fasinja. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne idon Jibirilla yana mutuwa. Yanar ido ce ke rufe masa shi a hankali, har ya kai a kasuwa sai ya shafa akuya da hannu kafin ya yi mata kuɗi. Amma hoto mai haske, ƙato, a ɗaki mai duhu, wannan yana iya gani. Ya taɓa ce mini, yana kallon gefe, wai bangon Garbai ne kaɗai wurin da har yanzu yake hango nesa.

Majigin nan fa ba ɗan goyo ba ne, kada in yi masa shaidar da bai cancanta ba. Sai da duhu yake aiki, dole a toshe taga da bargo, ɗakin ya koma tanda a watan zafi. Yashi na shiga fankarsa ya yi zafi ya ɗauke. Yana shan batir kamar raƙumin da ya dawo daga tafiya. Babban abin da ke ci wa Garbai rai kuwa, hoton gaba kawai yake nunawa. In ya karkato zai sauka, filin jirgi yana hagunsa, ya waiga hagu sai ya ga bargo da ƙusa. Sau da yawa a nan yake faɗuwa, ya buga cinya ya ce matuƙi na gaskiya da wuyansa yake tuƙi.

Da babbar salla Muktar ya zo da maganin wannan kuka. Wani abu ne kamar akwatin sabulu da ake ɗaurawa a fuska, ya rufe ido ruf, da abin toshe kunne a jikinsa. Kaske yake ce masa. Na sa shi sau ɗaya, kuma ba zan yi ƙarya don ina jin haushinsa ba: abin al'ajabi ne. Na waiga hagu na ga fiffike, na sunkuya na ga ƙasa can ƙasa, har na kai hannu zan dafa ƙofar da babu ita. Garbai da ya sa, ya daɗe a ciki. Da ya cire, idonsa ya yi ja, ya ce wa ɗansa, "Wannan shi ne abin da na gani ranar da na hau jirgin feshi." Na ji tausayinsa ƙwarai.

Aka ɗaura wa Jibirilla. Hazo kawai ya gani yana juyawa, jiri ya ɗebe shi, ya fita tsakar gida ya amayar da naman salla. Ya dawo yana share baki yana cewa Barebari sun haɗa baki za su kashe shi, aka yi dariya. Muktar ya yi bayani cewa batir ɗin gidan ba zai ɗauki majigi da kaske tare ba, sai dai ɗaya bayan ɗaya. Garbai ya ce ai ba matsala, yau wannan gobe wancan.

Haka aka fara. Sannan majigi ya soma ƙyaftawa yana ɗaukewa, Garbai kuma, mutumin da ke gane ciwon inji da kunne, ya ce sai ya samu lokaci zai duba. Lokacin bai samu ba. Jibirilla ya ci gaba da zuwa, ya zauna a kujerarsa ya fuskanci farin bango, kusa da mutumin da ke juya kai yana magana shi kaɗai. In ya yi zagi babu mai ramawa. Mu 'yan tabarma muka watse, don babu abin kallo a wurin dattijo da akwati a fuska. Shi ma Jibirilla zuwansa ya fara ja da baya.

Na yi wa Garbai magana, don bakina ba ya iya riƙe abu. Na ce, "Baba, ka ta da majigin nan mana, abokinka na zaune a duhu."

Ya ce, "Ibram, kai ba ka gane ba. Shekaru ina kallon bango ina yi wa kaina ƙarya. Yanzu da na samu na gaske, sai in koma? Shi wancan Bafillacen ina za shi? Yana nan."

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ce, Zaliha matar Garbai ta tafi gidan suna. Na ga Jibirilla ya wuce shagona da babbar riga wankakkiya, yana laluben hanya da sanda. Na ji sallamarsa ta katanga. Shiru. Ya sake, ya ɗaga murya. Shiru. Abin ya ba ni mamaki, don ban taɓa jin ya yi sallama a gidan nan ba, da zagi yake shiga. Na ajiye almakashi na zagaya.

Yana tsaye a ƙofar ɗakin, ya riƙe labule. Garbai na kujerarsa da kaske, yana karkata jiki. Jibirilla ya sake sallama. A daidai nan Garbai ya juyo da fuskarsa hagu, saitin ƙofa, saitin Jibirilla, ya tsaya haka yana murmushi. Jibirilla ya gyara tsayuwa, har ya buɗe baki. Sai Garbai ya mai da kansa gaba ya ci gaba da abin da yake yi. Filin saukarsa yake dubawa.

Na yunƙura zan taɓa shi, Jibirilla ya riƙe mini hannu. "Bar shi, ɗana. Yana sama." Ya saki labule ya juya. Na tambaye shi ko akwai saƙo, ya ce babu komai, gaisuwa ce.

Wanda bai san irin su Jibirilla ba zai ce me ya hana shi girgiza kafaɗar abokinsa ya faɗi abin da ya kawo shi. Ba a haka. Mutum irinsa ba ya roƙon alfarma a tsaye. Sai an amsa masa, ya zauna, an sha shayi, an zagaya duniya, sannan ya sako maganar a gefe kamar ba ita ta kawo shi ba. Kuma ba ya zuwa sau biyu a kan buƙata ɗaya. Da Garbai ya cire kaske na gaya masa, ya ce zai leƙa shi gobe.

Da ya leƙa, Jibirilla ya riga ya bi motar safe. Matarsa ce ta yi bayani daga bayan zana. Likitocin ido sun zo Damagaram, an ce ya zo a cire masa yana, amma ya taho da wanda zai riƙe shi, don zai kwana biyu ido a ɗaure. 'Ya'yansa maza suna Agadas. Tun da aka sa rana yake cewa a gida kada kowa ya damu, Garbai zai kai shi. Jiya da ya dawo sai ya aika aka kira Yakubu maƙwabcinsu, mutumin da gaisuwa kawai ke haɗa su, shi ya tafi da shi.

Garbai ya dawo ya zauna a bencin shagona, ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya kira wayar Jibirilla, Yakubu ya ɗauka ya ce yana hutawa. A yinin nan ya sauke majigi, ya busa yashin da ke cikin fanka, ya ɗaure wata waya da ta saki. Kafin in gama kafa aljihun riga ɗaya ya tashi garau. Wannan ya fi komai ba ni haushi, na kuma ga shi ma ya ba shi.

Aikin ido ya yi kyau, Jibirilla ya dawo da ido ɗaya tangaran. Garbai ya ce in raka shi, wai ƙafarsa ta yi nauyi. Muka tarar da shi a ƙofar gida. Garbai ya tattaro ƙarfin hali ya ce, "To, mai warin nono, yanzu ka ga munin fuskarka a madubi?"

Jibirilla ya miƙe tsaye ya ba shi hannu biyu. "Malam Garbai, sannu da zuwa. Ina gajiya? Ina iyali?" Ya sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka kawo ruwa a kwanon baƙi. Ya tambayi lafiyar Zaliha, da ta Muktar, da labarin zafi. Duk abin da Garbai ya jefa, sai ya dawo masa da ladabi. Ni da ke gefe na ji kamar in tashi in gudu.

Daga ƙarshe Garbai ya ce, "Jibirilla, wallahi ban gan ka ba ran nan. Ba kai na duba na kau da kai ba. Cikin abin nan ba a ganin kowa."

"Na sani," in ji Jibirilla. "Da farko na zaci ka gan ni, raina ya ɓaci. A mota na yi tunani na gane ba ka gan ni ba. Sai na ga gara ma a ce ka gan ni."

"Na gyara majigin. Ka zo gobe, yanzu da idonka ya buɗe za ka ga komai."

"Madalla. In Allah ya yarda."

Duk wanda ya girma a nan ya san irin wannan amsa. Muka yi sallama, Jibirilla ya ɗauki takalmansa ya taka mana har bakin hanya, ya tsaya ya yi mana addu'ar sauka lafiya, sannan ya koma.

Muka kama hanyar gida. Sai da muka kusa lungunmu ya tsaya, ya dafa katangar wani gida.

"Ibram, ka ga ya rako ni?"

Na ce na gani.

"Tun muna yara nake shiga gidan nan ina fita," in ji shi. "Bai taɓa rako ni ba. Baƙo ake rakawa."