Pampon Kawu Sarjan

Duk wanda ya san Kawu Sarjan a Konni ya san ba ya shan ruwa sai ya ɗaga ƙoƙon ya leƙa gindinsa ko yana yoyo. To, irin wannan mutum ne Allah ya jarraba da pampo mai ɗiga!

Shekarar da aka jawo ruwa unguwarmu, shi ya fara sa pampo cikin gida. Wata biyu kacal, abu ya fara: ɗis, ɗis, ɗis. Kawu ya kwance kan pampon, ya jefa aljihun tsohuwar rigarsa ta soja, sai kanti.

Ya ce wa mai kanti, "Wanga abu naka shina kuka dare da rana."

"Sarjan, robar ciki ce ta cinye."

"Wata biyu? Takalmana na soja sun taka har Agadas sun dawo, robarsu ba ta cinye ba!"

Mai kanti ya miƙo sabo kyauta don a rabu lafiya. Kawu ya ture. "Wanga na saya, wanga za shi yi aiki."

Ashe bai rufe ruwa ba kafin ya fita! Da ya dawo ya tarar da matarsa, Inna Rabi, tsakar gida, ruwa har idon sawu, ta toshe bututu da tsumma.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Sarjan. Da ɗiga muke fama, yau ka yi mana gulbi."

"Madalla! Kin shaida laifin ba na ruwa ba ne."

Ya mayar da kan, ɗiga ta ci gaba. Inna ta gaji, ta shuka yakuwa da barkono a gindin pampon, suka yi kyau har ana sambarka.

Wata Juma'a Kawu yana masallaci, maƙwabcinsa Ali, makanike a masana'antar siminti ta Malbaza, ya yanko robar tsohuwar taya ya gyara pampon tsaf. Kwana bakwai, yakuwa ta yi yaushi. Sai ga Kawu ƙofar gidan Ali.

"Ali, wa ya aike ka? Ka kashe min garka!"

"Haba Baba, ba kai ke ta kai ƙara ba?"

"Ƙarar tawa ce, ina ruwanka? Zo ka maido min ɗigata!"

Wallahi sai da Ali ya je ya cire robar.

Muna dariya, amma da fari ya zo rijiyoyi suka ƙafe, a gidansa rabin unguwa ke ɗiban ruwa, bai taɓa tura ƙyaure ba. Allah ya ji ƙan Kawu, ya yafe masa, ya sa ya huta.