Tsinken Tsintsiyar Mama Ladi

Jiya na zare tsinken tsintsiya daga cikin littafin Mama Ladi, maƙwabciyarmu a Makera, na hau sakace da shi don tsokana. Tsohon littafin Turanci ne, labarin 'yan mata 'yan gida ɗaya.

Na ce, "Mama, wai littafin nan ba ya ƙarewa ne?"

Ta karɓi littafin tana juya shafuka.

"Sani, shi nake karanta wa ƙanwata a asibiti, tana cewa labarinmu ne. Inda tsinken yake muka tsaya, ta rasu."

Ni da karatun allo kawai na yi, ina zan gano shafin?

Ko zagina ba ta yi ba. Jama'a, da wane baki zan ba ta haƙuri?